Gwajin Maganin Ƙwannafi Cikin Azumi

Ban taɓa iya mantawa da safiyar da aka jera mini mutum ashirin a gaban ɗakin shan magani ba, wai mu gano wanne ne a cikin magungunan kanti ya fi saurin kashe ƙwannafi. Ku da kuke wannan aiki yanzu kuna yawan tambayata yadda ake yi a zamanin Turawa, wasunku har suna cewa wai a lokacin ne ake aiki da ƙa'ida. To, ga labarin wata ƙa'ida da na gani da idona, kuma da hannuna a ciki.

Shekara biyu ko uku ne bayan an gama yaƙin duniya na biyu, lokacin da azumi yake faɗowa tsakiyar damina. Na dawo daga soja, inda na yi aikin jinya a Mombasa da Indiya da Bama, sai En'e ta ɗauke ni disfensa, aka tura ni wani garin hakimi a cikin fadamar Haɗeja. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin mutanen suna nan da ransu. Disfensa ba likita ba ne, ko da yake mutanen gari haka suke kiranmu. Aikinmu wanke gyambo, ba da maganin zazzaɓi da na tari, da rubuta kowa a rajista. Abin da ya fi ƙarfinmu sai Kano, kuma ba ni da ikon tura mutum Kano da kaina. Sai likita Bature ya zo rangadi, sau ɗaya a wata uku, ya duba mara lafiya, ya sa hannu a takarda biyu: wasiƙar asibiti da warantin jirgin ƙasa. Da su ne mutum zai je Malam Madori ya hau jirgi, in ya isa a ba shi gado. In babu sa hannun nan, talakan fadama sai ya koma gida ya kwanta.

A daminar nan ina da mara lafiya ɗaya da ya hana ni sukuni, wani masunci ana ce masa Baba Bukar. Iyayensa daga bakin Tafkin Chadi suka taso, Hausarsa ma har lokacin da Barbarci a cikinta, shi ya sa yake son zama wurina, don ina mayar masa da harshensa. Wata biyar yana fama da zafi a ƙasan ƙirji, in ya ci ya lafa, in cikin ya zama wayam ya taso. Daga baya ya fara amai, bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, cikin idonsa ya yi fari fat. Na ga irin wannan a asibitin soja a Indiya, na san gyambo ne a cikin ciki, kuma yana zubar da jini. Babu abin da ke cikin kabad ɗina da zai taɓa shi. Liman ya riga ya ce masa ya ajiye azumi, ya rama in Allah ya ba shi lafiya. Ni kuwa na rubuta takardunsa biyu na ajiye, sa hannu kawai suke jira. Ruwa kuma yana ta tahowa daga kogi. Kowa ya san nan da kwana goma hanyar fita za ta nutse, ba mota ba jaki, sai bayan kaka.

Likitan da ya zo sabo ne, bai cika shekara a ƙasar nan ba, saurayi dogo mai jan wuya. Kafin ya kwana mutane sun sa masa Mai Agogo, saboda wani agogo da yake ratayawa a ƙirji, mai maɓalli a ka, in ya danna ya tashi, in ya sake dannawa ya tsaya. Ya sauka a bariki, da la'asar ya aiko a kira ni. Na tarar da Malam Ilu, magatakardan hakimi, zaune a ƙasa a gabansa. Malam Ilu ya yi makarantar midil, yana jin Turanci gwargwadon abin da zai ishe shi cewa to.

A kan tebur akwai gwangwani uku na ƙwayoyin ciki, irin waɗanda ake sayarwa a kantunan Kano, 'yan koli su saro su baza a kasuwannin ƙauye. Ɗaya fara, ɗaya ja-ja, ɗaya mai ƙamshin na'ana'a, duk na taunawa ne, ba sa bukatar ruwa. A gefe kuma ya sa an farfasa kanwa ƙanana an ƙunsa a takarda. Ya ce ya karanta rajistata ta bara, ya ga masu kukan ciki sun fi yawa a watan azumi. Zai ɗauki mutum ashirin ya kasa su huɗu, kowane kashi da maganinsa, kwana uku a jere, ya auna da agogo minti nawa kowa ya yi kafin ya ji sauƙi. Sa'an nan ya rubuta wa manyansa wanne ya kamata a riƙa aiko mana. Daga yadda ya tura ƙunshin kanwar da bayan alƙalami na gane wanda yake so ya zo na ƙarshe.

Ni da na yi yawo, kafin wannan lokaci da bayansa, abin dariya yake ba ni. A Hartum, a hanyar Makka, na ga Larabawa suna jiƙa abin da suke kira aɗrun. Barebari su ce kilbu. A Indiya sojan Ingila da kansa garin soda yake kaɗawa a kofi ya sha ya yi gyatsa. Faransawan Fallomi, wadda yanzu ake kira Injamena, ruwan kwalaba suke sha mai ɗanɗanon kanwa, ana yi musu dakonsa tun daga ƙasarsu. Duk dangi ɗaya ne. Wani dai a gwangwani yake zuwa da rubutu a jikinsa, wani a buhu a bayan raƙumi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, azumi ake yi."

Ya ce ai shi ya sa. Da ƙarfe goma na safe kowa cikinsa wayam, ba mai cin goro, ba mai shan fura, ba abin da zai gurɓata masa aiki. A Ingila, in ji shi, ba za ka taɓa samun mutum ashirin masu ciki iri ɗaya haka ba.

Na ce, "Mai azumi ba ya haɗiye komai da rana, ko da magani ne."

Ya juya wajen Malam Ilu ya ce, "Gaskiya ne?"

Malam Ilu ya ƙara sunkuyawa ya ce, "Ranka ya daɗe, hakimi ya riga ya ba da umarni. Za su sha."

Amsa biyu aka ba shi, ya ɗauki wadda ta yi masa daɗi. Na kawo maganar Baba Bukar, na miƙa takardun, ko buɗewa bai yi ba. Ya ce ai shi ma ciwon ciki ne, a sa shi cikin ashirin ɗin. In kwana uku magani bai yi masa ba, sai a duba.

Da muka fito na ce wa Malam Ilu, "Malam, wa zai karya azuminsa saboda agogon Bature?"

Ya ce, "Kai dai Malam Adamu, sojan nan ya ɓata ka. Wa ya ce maka za a karya? Bature takarda yake so, a ba shi takarda ya hau motarsa. Kai ka miƙa ƙwaya, ka rubuta abin da aka ce ka rubuta. Ina ruwanka da cikin wani?"

Washegari aka kawo su. Leburorin hanya ne yawancinsu, da helmansu Tanko, wato shugabansu, sai 'yan doka biyu da masinja da mai sharar kasuwa. In ka tambaye su duk suna da ƙwannafi, kuma wannan ba ƙarya ba ce sosai. Wanda ya cika ciki da tuwo da yaji da sahur ya koma ya kwanta, ai zai ji shi a ƙirji da hantsi. Aka kafa wa likita tebur a baranda, mutane suka tsuguna a ƙasa sahu huɗu. Ƙa'idar ita ce: in miƙa ƙwaya, likita ya danna agogo, wanda ya ji sauƙi ya ɗaga hannu, likita ya faɗi minti, ni in rubuta a gaban sunansa.

Kun san ba a cin abu a gaban babba ido da ido. Kowa ya karɓi ƙwayarsa da hannu biyu, ya kau da kai gefe, ya ɗaga hannun riga ya rufe baki, sa'an nan ya juyo yana motsa muƙamuƙi. Likita ya ce mini mutanen nan suna da ladabi ƙwarai. Ni da nake tsaye a kansu ina ganin inda ƙwayar take tafiya, aljihu, ko naɗin hula, ko ƙugun wando. Agogo bai cika minti ɗaya ba hannu goma sha tara suka tashi tare. Likita ya ɓata fuska, ya ce ai maganin ko ciki bai kai ba.

Malam Ilu ya juya yana murmushi ya ce musu da Hausa, "Ku jakuna ne? Ku rarraba mana. Wa ya taɓa warkewa tare da ɗan'uwansa?" Ya waiwayo ya gaya wa likita wai ya ce musu su natsu su saurari cikinsu da kyau.

Aka sake danna agogo, suka rarraba. Kafin rana ta biyu kuwa sun ƙware. Sun lura in mai ja-jar ƙwaya ya ɗaga hannu da wuri, likita yakan gyaɗa kai, in mai kanwa ne yakan ɗaure fuska. Shi ke nan, sahun ja-ja suka koma warkewa a minti biyu, sahun kanwa suka koyi haƙuri. Akwai wani ɗan doka a cikinsu da ya kai minti goma sha ɗaya yana shafa ƙirji yana yamutsa fuska, sa'an nan ya saki wata gyatsa da ya tara ta da iska, ya ɗaga hannu a hankali kamar wanda aka tilasta. Likita ya sa na ja layi a ƙarƙashin sunansa. Na yi aiki da sojoji masu ƙaryar ciwo don kada a kai su daji, amma ban taɓa ganin masu ƙaryar warkewa da ƙwarewa irin ta mutanen nan ba.

Baba Bukar yana can ƙarshen sahu, jingine da bango. Shi ba ya azumi, ba shi kuma da ƙarfin ɗaga hannun riga, a fili ya tauna tasa ya haɗiye. Agogo ya yi ta tafiya har minti ashirin.

Na ce, "Baba, yaya?"

Ya ce, "Likita, yana nan inda yake. Wuta ce. Ka tambaye shi, alli ya ba ni?"

Rana ta biyu likita ya ce shi a sauya masa, aka ba shi wata ƙwayar daban, ya zaga bayan katanga ya yi amai, na bi shi na gani, baƙi ne kamar dakakken gawayi. Na gaya wa likita, ya ce a bari a gama gwaji. Da azahar ba a samun likitan, yana fadama da bindiga yana harbin dinya. Na koma na rubuta a gaban sunan Baba Bukar, ba sauƙi. A duk shafin nan wannan layin kaɗai ne gaskiya.

Rana ta uku aka gama da hantsi. Kuku ya ɗaure kaya a bayan mota, direba yana duba taya. Mutanen ba a sallame su ba tukuna, suna tsugune a inuwar durumi, Baba Bukar kuma yana kwance a kan tabarma kusa da su. Na sake miƙa takardun.

Likita ya buga shafin da yatsa ya ce, "Goma sha tara sun ji sauƙi. Shi kaɗai ne bai ji ba, da magani iri uku. Mutumin nan yana so ya ga Kano a jirgin gwamnati ne. Na ga irinsu."

Bai cika shekara a ƙasar ba, amma ya ga irinsu. Ya mayar mini da takardun, ya sa hularsa.

Na san abin da ke gabana. In na yi magana, na faɗi da bakina cewa kwana uku ina rubuta ƙarya a takardar gwamnati, wannan kuwa laifin kora ne. Na kunyata magatakardan hakimi a gaban Bature, na kuma sa leburori a bakin aikinsu. In na yi shiru, motar nan ta tashi, likita na gaba sai bayan wata uku, kuma na san Baba Bukar ba zai wuce ƙaramar salla da mako biyu ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin ashirin ɗin nan mutum ɗaya ne ya sha maganinka. Shi ne wanda ka ce maƙaryaci."

Malam Ilu ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, azumi ne ya taɓa shi. Rana ta yi zafi yau."

Ban kula shi ba, na kira Helma Tanko. Ya taso ya tsuguna a bakin baranda.

Na ce, "Helma, ina ƙwayoyin?"

Ya ce, "Waɗanne ƙwayoyi, Likita?"

Na ce, "Tanko, in motar nan ta tashi babu sa hannu, a nan za mu binne Baba Bukar. Ka san shi. Kifinsa kake ci."

Ya dubi Malam Ilu, Malam Ilu ya dubi sama. Ya waiwaya ya dubi tabarmar da ke ƙarƙashin durumi, ya daɗe. Sa'an nan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani tsumma a ƙulle, ya kwance a kan dakalin baranda. Ga farare, ga jajaye, ga ƙunshin kanwa ko buɗewa ba a yi ba. Ashe kullum in an gama shi yake bi ya tattara.

Ya ce, "Na yau ne. Na jiya da na shekaranjiya mun sha bayan shan ruwa, ba mu zubar ba, kayan gwamnati ne." Sai kuma ya ga tunda an fara gara a ƙarasa. "Ka gaya masa farar ita ce mai aiki, kafin ka gama alwalar isha'i ta kwantar maka. Mai ƙamshin nan alewa ce kawai. Ja-jar kuwa, mutum uku a cikinmu tun shekaranjiya ba su zaga ba. Kanwa ta fi su duka sauri, sai dai ta cika ka da iska, in ka yawaita kuma ta kai ka bayan gari da gudu."

Na juya masa shi da Turanci, ban rage ko kalma ɗaya ba. A takardar da ke hannunsa ja-jar ce ta ɗaya, kanwa ta ƙarshe. Wato gwajin da ya taso tun daga Kano don ya yi, leburori sun yi shi a kan tabarmarsu da cikin da ke ciwo da gaske, sun musanya, sun kwatanta, sun gama, ba wanda ya tambaye su.

Wuyansa ya ƙara ja har kunne. Ya ce, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Amsar tana bakina, amma na haɗiye ta. Sa hannu nake nema, ba nasara ba.

Zan ba shi haƙƙinsa, hannunsa ya san aiki. Ya sauka ya je gindin durumi ya durƙusa, ya ja fatar idon Baba Bukar ya duba, ya kama wuyan hannunsa, ya danna ƙasan ƙirjinsa, Baba Bukar ya yi ƙara da Barbarci. Ya yi mini tambaya uku, duk amsarsu tana cikin wasiƙar da bai buɗe ba tun ranar da ya sauka. A kan gwiwarsa ya sa hannu. Ya sa aka matsar da akwatunan kuku da dinyoyin da ya harbo, aka shimfiɗa Baba Bukar a bayan motar, ƙanensa ya hau ya riƙe masa kai, ya kai su Malam Madori da kansa. Shafin gwajin kuwa ina kallo ya naɗe shi ya sa a akwatin ƙarfe. Bai yaga ba.

Bayan salla takardar tuhuma ta zo mini, wai na kasa sanar da shugabana abin da ya kamata ya sani a kan lokaci. Ba a kore ni ba, an dai hana ni ƙarin girma shekara biyu, aka mayar da ni wani ƙauye can ƙasar Birniwa, inda rijiya ma sai ka haɗa guga biyu. Tanko an sauke shi daga helma, ya koma riƙon diga kamar kowa. Malam Ilu kuwa ba abin da ya taɓa shi, da na bar aiki ma yana gaba da ni nesa. A sabon wurin, akwatin magani na farko da aka aiko mini, da na buɗe, gwangwanin ja-jar ƙwaya shida ne a sama. Ban ce takardar Mai Agogo ce ta jawo ba, don ban sani ba. Na dai jera su a kabad na riƙa gargaɗin duk wanda na ba.

Baba Bukar ban sake ganinsa ba. Fataken kanwa da ke bi ta wurinmu su suka gaya mini an yi masa aiki a Kano, ya dawo bayan layya a rame kamar kara, amma ya koma cikin kwalekwalensa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji yadda mutanen birni ba su san kifi ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mutanenmu ba sa ce wa mai iko a'a. Za su ce masa to, su yi abin da suka ga ya dace da su da Ubangijinsu, su ba shi fuskar da yake so ya gani. Na ga haka a Indiya, na ga haka a Hartum, ba mu kaɗai ba ne, duk inda mai tambaya yake da ikon korar mai amsa haka ake yi. A irin wannan wuri wanda ya faɗi gaskiya shi ne yake fita daban a takarda, kuma shi ake fara tuhuma. Kada ku yi wa Mai Agogo dariya da yawa, na ga ɗan ƙasa da farar riga yana yin abin da ya fi nasa. Kada kuma ku yabe ni. Ni na san abin da ke cikin mutumin nan tun kafin likita ya sauka, amma kwana uku na tsaya a kansa ina miƙa masa alli, don ina tsoron magatakarda.

Tun daga ranar, shekara ashirin da wani abu da na ƙara a wannan aiki, ban sake rubuta wa mutum ya sha ba sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. In kuma sahu duka sun ce sun warke, ɗaya ya ce shi bai warke ba, wurinsa nake fara zuwa.